Wa Ya Ce Maganin Mata Ne?

Raina a ɓace yake da nake wannan rubutu.

Wani dattijo ɗan kasuwa ya zo mana da ƙullutu a ƙarƙashin kan nononsa na hagu, har ya fashe yana ruwa. Ya daɗe yana shafe-shafe a gida, don an ce masa daji ba ya son allura. Aka ɗebi tsoka aka auna: sankarar mama ce, ta riga ta kai ƙashin baya. Ya dube ni ya ce, "Likita, ni da nake namiji?" Na ce, "Baba, a cikin mutum 100 masu wannan ciwo, kusan ɗaya namiji ne."

Awon ya nuna irin wadda sinadarin istirojin ke ciyarwa ce, kamar yadda take a mafi yawan maza. Muka ɗora shi a kan tamoxifen, miligiram 20, ƙwaya ɗaya kullum. Ban yi masa alƙawarin warkewa ba, na dai ce za a daƙile ta. Kuma ta daƙilu. Ciwon baya ya lafa, gyambon ya fara kamewa, ya koma rumfarsa.

Sai muka daina ganinsa.

Ranar da ya dawo, 'ya'yansa ne suka ɗauko shi, ƙafafu sun mutu, fitsari ba ya riƙuwa. Babban ɗan ya ja ni gefe ya faɗa mini. Wai an aiki yaro kemis, mai kemis ya karanta takardar cikin kwalin ya ce ai wannan maganin mata ne, zai kashe wa Alhaji gaba. Dama sha'awarsa ta ragu, kunya ta hana shi faɗa mana. Ya watsar da ƙwayar, ya koma maganin ƙarfin maza na 'yan tasha, har wani ya yi masa allurar testostiron. Jiki kuwa juya wani ɓangare na testostiron yake yi ya zama istirojin. An zuba wa wuta fetur ke nan. Allah ya jiƙan Baba.

Kai mai kemis, wa ya tambaye ka? Sayarwa aka ce ka yi.

Gaskiya ne tamoxifen kan rage sha'awa, ya sa jin zafi da gumi, ya ƙara ƙiba. Kai mai shan maganin, ka faɗa mana, ba yau muka fara ji ba. Kada ka daina da kanka. Idan ƙwauri ya kumbura ko numfashi ya sarƙe, ka zo a ranar, jini ne kan daskare. Masu rubuta wa namiji ɗayan maganin sankarar mama, letrozole, shi kaɗai, ba tare da allurar goserelin ba, ku ma ku ji tsoron Allah.

Na sake faɗa, kada ka daina da kanka, ko da ka ji sauƙi.

Mata, ku kuka fi ganin ƙirjin mazajenku. In kun ga ƙullutu, ko kan nono ya lotsa ciki, ko yana fitar da jini, ku matsa musu su zo asibiti.