Yadda Ake Auna Ƙwazon Tawagar Zari-Ruga Bayan An Tashi Wasa

Allon maki shi ne abin da ya kamata mai sharhi ya duba a ƙarshe, domin lamba ba ta faɗin yadda aka yi aka same ta. Wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta zari-ruga, wanda aka buga ranar 28 ga Oktoban 2023 a filin Stade de France, ya isa misali. Afirka ta Kudu ta doke New Zealand da maki 12 da 11, amma wanda ya tsaya a nan bai san komai ba game da ƙwazon kowace tawaga.

Abu na farko shi ne a rubuta yanayin da aka yi wasan a ciki. An yi ruwan sama a daren, ƙwallo tana santsi, kuma hakan yana rage miƙa ta hannu da hannu. Minti uku ba a cika ba Bongi Mbonambi, mai jefo wa Afirka ta Kudu ƙwallo daga gefen fili, ya ji rauni a gwiwa ya fita, Shannon Frizell na New Zealand kuma ya sha katin gargaɗi a kan wannan karon. Kafin rabin sa'a kyaftin ɗin New Zealand, Sam Cane, ya kai wa Jesse Kriel kamu a sama har ya taɓa kansa, aka fara ba shi katin gargaɗi, masu duba bidiyo suka mayar da shi jan kati. Ke nan New Zealand ta yi fiye da minti 50 babu shi. Duk wata ƙididdiga da za a karanta daga baya, da wannan ake auna ta.

Daga nan sai a koma kan wuraren da ake tayar da wasa, wato turereniyar 'yan gaba takwas-takwas da jifa daga gefe. A nan ake gane ko shirin koci ya yi aiki. Masu horar da Afirka ta Kudu, Jacques Nienaber da Rassie Erasmus, sun ajiye 'yan gaba bakwai a benci da ɗan baya ɗaya tak, da nufin su shigo da sababbin majiya ƙarfi lokacin da abokan karawa suka gaji. Shirin yana da haɗari, kuma haɗarin ya bayyana tun da wuri: Deon Fourie, mai shekara 37 wanda a lokacin ya fi sabawa da buga gefen turereniya, shi ya karɓi aikin jifa bayan fitar Mbonambi kusan wasan gaba ɗaya, New Zealand kuma ta yi ta sace musu ƙwallo a sama. Mai sharhi na gaskiya zai rubuta wannan a matsayin rauni, ko da tawagar ta ɗaga kofi.

Mataki na uku shi ne inda aka fi yaudarar mai kallo. New Zealand ta fi riƙe ƙwallo nesa ba kusa ba, sai dai a zari-ruga abin tambaya shi ne a ina aka riƙe ta, kuma me aka fito da shi duk lokacin da aka tsallaka layin mita 22 na abokan karawa. Afirka ta Kudu ta zaɓi ta riƙa harba ƙwallo can gaba tana matsawa har New Zealand ta yi laifi a inda ƙafar Handré Pollard za ta kai. Fanareti huɗu ya buga, duka suka shiga, duka kafin hutun rabin lokaci. Bayan an dawo ba su ƙara ko maki ɗaya ba, tsaro ne ya riƙe su. Sun yi kamu fiye da 200, Pieter-Steph du Toit shi kaɗai ya yi 28, aka ba shi gwarzon wasa. Amma yawan kamu yana da fuska biyu, yana nuna juriya, yana kuma nuna cewa ƙwallo ba ta hannunka.

Sai a lissafa abin da aka zubar. Alƙalin wasa Wayne Barnes ya soke direwar ƙwallo da Aaron Smith na New Zealand ya yi a bayan layi saboda ƙwallo ta suɓuce gaba tun a wurin jifa. Beauden Barrett ya dire ƙwallo a bayan layi, maki 5, karo na farko da aka taɓa yi wa Afirka ta Kudu haka a wasan ƙarshe, amma Richie Mo'unga ya ɓarar da bugun ƙari mai maki 2. Daf da tashi Jordie Barrett ya ɓarar da fanareti mai nisa, lokacin da Cheslin Kolbe na Afirka ta Kudu yake zaune a waje da katin gargaɗi. Maki biyar ke nan a wasan da aka rabu da tazarar ɗaya.

Wani zai ce duk wannan dogon turanci ne, wanda ya ci shi ne gwani. Ai kuwa koci ba zai gyara komai da wannan magana ba, domin da bugun Jordie ya shiga, jifar Afirka ta Kudu tana nan da matsalarta. Wani kuma zai ce sa'a ce kawai. Nan ma a duba wasannin da suka gabata: Afirka ta Kudu ta fitar da Faransa da 29 da 28, ta fitar da Ingila da 16 da 15. Sau uku a jere da tazarar maki ɗaya yana nuna tawagar da ta iya kare ƙaramin rinjaye, kuma take da mai bugu wanda ƙafarsa ba ta rawa. Hukuncin wannan wasa dai shi ne Afirka ta Kudu ta yi fice a tsaro da bugu, ta gaza a jifa da kai hari, New Zealand kuwa ta fi ta wasa da ƙwallo a hannu, katuna da ɓarar da bugu suka kayar da ita.