ƘURI'A DA CACA: INA BAMBANCINSU?

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako a kan cacar tikiti ne, wadda wasu ke kira reful, wasu tambola. Mutum ya biya kuɗi, ya karɓi lamba, ya zauna jiran sa'a. Matasa sukan ce ai ƙuri'a ce, ƙuri'a kuwa halal ce. To, bari mu duba.

Larabawan Jahiliyya suna kiran irin wannan maisir. Malaman tafsiri sun bayyana cewa mutum 10 sukan sayi raƙumi bashi, su soke shi, su kasa naman kashi 28. Sai a zuba kibau 10 cikin jaka, 7 masu rabo daga kashi 1 har zuwa 7, sauran 3 kuwa ba su da kome. Masu kibau ukun nan su ke biyan kuɗin raƙumin, ba su ɗanɗana ko tsoka ba. Waɗanda suka ci sukan raba wa matalauta naman don alfahari. Duk da wannan kyauta, aya ta 219 ta Suratul Baƙara ta nuna zunubin abin ya rinjayi amfaninsa, sa'an nan aya ta 90 da 91 na Suratul Ma'ida suka haɗa shi da giya, suka umurta a nisance shi. Saboda haka, cewa ribar reful za ta gina asibiti ba ta halatta shi.

Yanzu a kwatanta da watandar da muke yi a Kafin Hausa in Salla ta gabato. Mutane su haɗa kuɗi, a sayi sa, a kasa nama daidai wa daida. In an yi jayayya kan wane kashi ne na wa, sai a jefa ƙuri'a, kowa ya tafi gida da rabonsa. Haka adashi: ƙuri'a ta nuna wanda zai fara kwasa, amma kowa abin da ya zuba shi zai ɗauka. Wannan ita ce ƙuri'ar da ta halatta, kuma ya inganta cewa Manzon Allah (S.A.W.) yakan jefa ta tsakanin matansa in zai yi tafiya. Ma'aunin ke nan: ƙuri'a tana raba haƙƙi tsakanin masu shi, caca kuwa tana kwashe dukiyar jama'a ta miƙa wa mutum ɗaya ba da ciniki ko aiki ba.

Hukumomi sun daɗe suna fama da lamarin. A 1977 gwamnatin soja ta haramta injunan caca, watau kalo-kalo. A 2000 Jihar Jigawa ta ƙaddamar da Shari'a. A 2005 Gwamnatin Tarayya ta yi dokar da ta kafa hukumar ba kamfanonin reful lasin, amma ran 22 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke cewa wannan iko na jihohi ne, dokar Tarayya ba ta wuce Abuja ba. Ke nan nauyin ya dawo kan majalisarmu ta Dutse.

Sai dai shago ake iya garƙamewa, caca kuwa yau ta koma cikin wayar hannu. Saurayi ya sha rana da sauro a fadamar Kogin Haɗeja, ya sayar da shinkafarsa, kuɗin su narke dare ɗaya a cacar ƙwallo. A nan tsaron iyaye da malamai ya fi na ɗan sanda. Wanda kuma ya riga ya ci wani abu, malamai sun ce ya tuba, ya fitar da shi ga mabukata ko aikin amfanin jama'a, kada ya ciyar da iyalinsa da shi.

Allah Ya wadata mu da halal, amin.