Yadda Ƙungiyar Exeter Ta Hau Tsani

A ƙasar Ingila, can kudu maso yamma, akwai wani lardi da a ke kira Devon. Ƙasa ce mai tuddai da yawan ciyawa. Mutanenta da yawa manoma ne da makiyaya, na bakin teku kuwa masunta. A cikin wannan lardi akwai wani tsohon birni wai shi Exeter, tsakaninsa da Landan ya fi mil 150. Labarin da za mu karanta yau na wata ƙungiyar 'yan wasa ce ta wannan birni. Amma kafin mu shiga labarin, ya kamata mu san irin wasan da su ke yi, gama ba ƙwallon ƙafa ba ne irin wanda ku ke bugawa a filin makaranta.

Sunan wasan zari-ruga. Turawa suna kiransa da sunan wani gari na Ingila, watau Rugby, domin a makarantar garin ne wasan ya samo asali. Ƙwallonsa ba kewayayye ba ne, siffarsa kamar ta ƙwai. Kowane gefe mutum 15 ne, a kan yi minti 80 ana karawa. Ɗan wasa ya kan ɗauki ƙwallo a hannu ya ruga da shi, abokan karawa kuwa su bi shi su kama, su kayar. Wanda ya kai ƙwallo bayan layin abokan karawa ya dangwala shi a ƙasa, ya samo wa mutanensa maki 5. Sa'an nan a ba su dama su buga shi da ƙafa ta tsakanin waɗansu dogayen sanduna biyu, in ya shige su ƙara maki 2. In kuwa wani gefe ya yi laifi, a kan ba ɗaya gefen bugun horo, in ya shiga tsakanin sandunan maki 3 ke nan.

Akwai wata doka mai ban mamaki a wasan nan. Ba a jefa wa ɗan'uwa ƙwallo da hannu zuwa gaba, sai dai baya ko gefe. Saboda haka kome gudun mutum, lalle ne ya kasance da wani a bayansa wanda zai karɓa in an kama shi. Ku riƙe wannan a zuciya, za ku ga amfaninsa nan gaba.

To, an kafa ƙungiyar Exeter a shekarar 1871, shekarar da aka kafa hukumar zari-ruga ta Ingila. A zamanin nan ba a biyan kowa ko anini don ya yi wasa. Kowane ɗan wasa yana da sana'arsa, wani manomi, wani malami, wani akawu. Ran Asabar su taru su yi wasa, ran Litinin kowa ya koma bakin aikinsa. Daga 1905 suka zauna a wani fili mai suna County Ground. A wannan shekara ce 'yan wasan ƙasar New Zealand suka zo Ingila, suka yi karawarsu ta fari a filin nan da zaɓaɓɓun 'yan wasan Devon, suka lallasa su da maki 55, su kuwa 4. Filin ba na zari-ruga kaɗai ba ne, daga baya har tseren babura da na karnuka aka riƙa yi a cikinsa. Haka Exeter ta zauna shekara da shekaru, mutanen lardi sun san ta, amma a sauran Ingila ba a kula da ita ba.

A 1987 aka shirya ƙungiyoyin Ingila rukuni rukuni, kamar matakan tsani. Wadda ta zo ta fari a rukuninta a ƙarshen shekara sai ta hau mataki ɗaya, wadda ta zo ta ƙarshe kuwa ta sauka. Ana nan kuma, a 1995, manyan wasan na duniya suka yarda a riƙa biyan 'yan wasa albashi. Nan da nan wasa ya zama sana'a. Attajirai suka shigo, waɗansu ƙungiyoyi suka shiga sayen shahararrun 'yan wasa daga ƙasashen waje da kuɗin da ba su da shi. Ba a daɗe ba, a 1999, tsofaffin ƙungiyoyi biyu na Landan, Richmond da London Scottish, suka karye, aka fitar da su daga rukuni na ɗaya.

A lokacin da wasa ya zama sana'a Exeter tana can rukuni na huɗu. Ta zo ta fari a 1996 ta hau na uku, ta sake zuwa ta fari a 1997 ta hau na biyu. A 1999 ta ƙara wa sunanta kalmar Chiefs, watau sarakuna. Saura mataki ɗaya ke nan a kai ƙoli. Amma matakin nan ɗaya sai da ya ci musu shekara 13.

Me suka yi cikin shekarun nan? Wani ɗan kasuwa mai suna Tony Rowe ya karɓi ragamar ƙungiyar a 1998. Ya duba ya ga tsohon filinsu ya tsufa, ba ya kawo kuɗi sai ranar wasa. Ya san kuma sai da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Saboda haka aka sayar da County Ground, aka gina sabon fili a bakin babbar hanyar mota, aka sa masa suna Sandy Park, aka buɗe shi a 2006. Ba filin wasa kaɗai aka gina ba, har da manyan ɗakuna waɗanda a ke ba da haya don taro da biki. Ta haka kuɗi suna shigowa ko ranar da ba a wasa. Kun ga sun fara gina gida tukuna, kafin su gayyato baƙi.

Duk da haka hawan bai zo da sauƙi ba. A 2008 suka zo na biyu, a 2009 suka sake zuwa na biyu, ga shi kuwa ƙungiya ɗaya tak ke hawa. Da waɗansu ne, da sun fid da zuciya, ko kuwa su ciwo bashi su sayo baƙin gwanaye. Su kuwa sai suka ɗauko ɗan gida suka ba shi aikin koyar da 'yan wasa. Sunansa Rob Baxter, ɗan manomi ne na nan Devon. Ubansa ya yi wa Exeter wasa, shi ma ya yi mata shekara 14, goma daga ciki shi ne madugu. Ƙanensa Richard kuma yana cikin 'yan wasan a lokacin.

A watan Mayu na 2010 aka ce Exeter da Bristol su kara sau biyu, wadda ta fi maki ta hau. A gida Exeter ta ci 9, Bristol 6. Suka tafi garin Bristol, inda mutane da yawa suka zaci za a kayar da su. A daren nan wani ɗan wasa mai suna Gareth Steenson, mutumin Ailan ta Arewa, ya yi ta buga ƙwallo tsakanin sanduna har ya tara maki 24 shi kaɗai. Aka tashi Exeter 29, Bristol 10. Bayan shekara 139 da kafa ta, ƙungiyar ta taka mataki na ƙoli.

Masu rubutu a jaridu suka ce ai baƙuwar shekara ɗaya ce, baɗi za ta koma inda ta fito. Ashe ba haka ba ne. Cikin ƙungiyoyi 12 ta zo ta takwas a 2011, ta zo ta biyar a 2012. A 2014 ta ci babban kofinta na fari, a filinta, gaban mutanenta.

Ina suka samo 'yan wasa? Sun sayo waɗansu daga waje, amma ba su dogara da saye kaɗai ba. Suka haɗa kai da makarantun Devon da na maƙwabcinsa Cornwall, suna neman yara masu ƙwazo, suna horar da su tun suna ƙanana. Daga cikinsu aka sami Jack Nowell, ɗan wani masunci, da Henry Slade, da Luke Cowan-Dickie, da waɗansu 'yan'uwa biyu, Sam da Joe Simmonds. Huɗun fari duk sun yi wa ƙasar Ingila wasa. Ko salon wasan ƙungiyar ma irin halinta ne. In sun matso kusa da layin abokan karawa ba su gaggawa. Wannan ya ɗauki ƙwallo ya kutsa taki ɗaya, a kayar da shi, na bayansa ya ɗauka ya ƙara taki ɗaya, haka haka har su haye.

A kan yi wasan ƙarshe na zakarun Ingila a wani ƙaton fili na Landan wai shi Twickenham, mai cin mutum 82,000. Exeter ta fara zuwa can a 2016, ƙungiyar Saracens ta kayar da ita. Ta komo a 2017 ta gamu da Wasps. Saura kaɗan a tashi ana bayansu da maki 3, sai Steenson ya buga bugun horo ya shiga, aka yi kunnen doki, 20 da 20. Aka ƙara lokaci, ya sake bugawa ya shiga, aka tashi 23 da 20. Exeter ta zama zakarar Ingila. Amma a 2018 da 2019 Saracens ta sake kayar da ita a wasan ƙarshe. Kowane karo suka koma gida suka sake shiri.

Shekarar 2020 ita ce shekarar annobar korona, aka hana mutane taruwa, aka riƙa wasa ba 'yan kallo. Ran 17 ga Oktoba Exeter ta kara da wata ƙungiyar Faransa mai suna Racing 92 don neman kofin zakarun Turai duka. A ina aka yi wasan? A birnin Bristol, garin da suka sami hawa shekara goma da suka wuce. Kusa da ƙarshe Exeter tana gaba da maki ɗaya tak, aka kuma fitar da ɗan wasanta guda saboda laifi. Mutum 14 suka tsaya bakin layinsu, Faransawa suka yi ta kawo hari, suka kasa hayewa. Madugunsu Joe Simmonds ya ƙara maki 3, aka tashi 31 da 27. Bayan kwana bakwai suka tafi Twickenham suka ci Wasps 19 da 13. Cikin mako guda suka zama zakarun Turai da na Ingila.

To, amma duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A 2021 Harlequins ta ci su 40 da 38 a wasan ƙarshe. Annoba kuma ta bar ƙungiyoyi duka cikin ƙuncin kuɗi. A 2022 bashi ya karya Wasps, wadda suka kara da ita sau biyu a Twickenham, ya karya Worcester, a 2023 kuma London Irish ta bi su. 'Yan wasa da ma'aikata da yawa suka wayi gari ba aiki. Ita ma Exeter ta ji jiki. Manyan 'yan wasanta da dama suka tashi a 2023, waɗansu zuwa Faransa, a 2025 har ta zo ta tara cikin goma. Amma ba ta rushe ba, filinta yana nan, ta kuma koma ga abin da ta saba, watau renon yara.

Yara, kun ji labarin Exeter. Ba dare ɗaya ta yi girma ba. Ta fara gyara gidanta, ta reni 'ya'yanta, ta sha kaye sau da yawa ba ta fasa ba. Ku tuna da dokar nan ta wasan, mai ƙwallo ba ya isa ko'ina sai da na bayansa. In ɗayanku ya faɗi jarrabawa bana, ko ƙungiyar makarantarku ta sha kaye, kada ku ce shi ke nan. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Tambayoyi

1. A wane lardi na Ingila birnin Exeter ya ke?
2. Faɗi abu uku da suka bambanta zari-ruga da ƙwallon ƙafa.
3. Me ya faru a 1995, kuma wane haɗari ya jawo wa waɗansu ƙungiyoyi?
4. Don me aka gina ɗakunan taro a Sandy Park?
5. Shekara nawa ne tsakanin kafa ƙungiyar da cin kofin Turai? Yi lissafi.
6. Bayyana ma'anar wannan karin magana: sai da ruwan ciki a kan ja na rijiya.
7. Rubuta layi goma a kan wani abu da ka sha wuya kafin ka iya shi.