INA ZA KA KAI KWANCEN TUFAFINKA?

Jama'a, da wuya a sami gida a biranen ƙasar nan wanda babu akwati ko ƙunshi na tufafin da aka daina sawa. Yaro ya girma riga ta yi masa kaɗan, maigida ya ɗinka sababbi don Salla ko Kirsimati, uwargida ta tura zannuwan bara ƙarƙashin adaka. Yawancin mutane suna da niyyar bayarwa. Abin da ya ke tsai da su shi ne rashin sanin wanda za su ba, da kuma tsoron kada kayan su ɓace a hanya.

A ƙauye wannan ba abin damuwa ba ne, gama kowa ya san gidan da aka yi gobara, ya san matar da mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Birni kuwa daban ya ke. Mutum ya kan yi shekaru a gidan haya a Legas, ko Fatakwal, ko Nyanya ta Abuja, bai san halin da maƙwabcinsa ya ke ciki ba. A nan ne macuta su ke samun ƙofa. Sai ka ga wani ya zo da buhu da takarda mai hatimi, ya ce daga gidan marayu aka aiko shi, alhali kuwa kasuwa za shi. Tufa mai kyau kuɗi ce, ko da an sa ta. Duk wanda ya taɓa shiga wajen 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai ta Kano ko Katangua ta Legas ya san haka. Sana'ar gwanjo halal ce, kuma talakawa da yawa da ita su ke rufa asiri. Mai laifi shi ne wanda ya karɓa da sunan maraya ya sayar don aljihunsa.

To, ina ne wurin amana? Shi ne wurin da za ka iya bin sawun rigarka tun daga hannunka har zuwa jikin wanda zai sa ta. Saboda haka a fara da na kusa. Mai unguwa, da limamin masallaci, da faston majami'a, da shugabar ƙungiyar matan unguwa, su ne a kan kai wa kuka idan abu ya faru, su ne kuma su ka san gidajen da ba za su taɓa buɗe baki su roƙa ba. A garuruwan Kudu, kamar Agege a Legas ko Sabo a Ibadan, akwai Sarkin Hausawa da mutanensa, waɗanda baƙo marar masauki ya kan fara sauka wurinsu. In ka je, kada ka tsaya ga tambayar ko za su karɓa. Tambayi wane irin mutum ne ke bukata, yara ne ko manya, maza ne ko mata. Wanda ya san mutanensa zai amsa maka nan take. Ba lalle ne ya faɗa maka suna ba, kuma bai kamata ka nace ba, domin mai mutunci ya fi son a kai masa da dare, ba da idon jama'a ba.

Sai gidajen marayu. Kowane gida na gaskiya yana da rajista da ma'aikatar jiha mai kula da jin daɗin jama'a ko harkokin mata da yara, kuma ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumarka zai iya nuna maka waɗanda aka sani. Tafi da ƙafarka da rana tsaka. Dubi yaran, dubi tufafin da ke jikinsu, ka nemi a rubuta abin da ka kawo a littafin gida. Idan aka tare ka a bakin ƙofa aka ce ajiye ka tafi, ko aka ce kuɗi kaɗai a ke so, koma da kayanka.

Akwai kuma ƙungiyoyin da su ka daɗe ana ganin aikinsu. Ƙungiyar Agaji ta Red Cross ta Nijeriya tana da dokar da ta kafa ta tun 1960, tana kuma da rassa a dukan jihohi. Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a Kaduna a 1962, tana da 'yan agajinta. Haka ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN tana aiki tun 1985. Majami'un Katolika da yawa kuma suna da ƙungiyar St. Vincent de Paul mai kula da matalauta. Ƙaramar ƙungiyar da ba ka sani ba, nemi takardar rajistarta ta hukumar CAC. Amma fa takarda ba ta isa shaida ba ita kaɗai. Sai ka ga ofis, ka ji daga bakin mutanen unguwa cewa sun taɓa ganin an yi rabo. Tambaye su kuma ko su kan sayar da wani abu daga cikin kayan. Waɗansu su kan yi haka don su sayi abinci ko magani, kuma babu aibi in sun faɗa a fili tun farko.

Lokacin bala'i ya fi kowane lokaci bukatar lura. Sa'ad da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare, dubban mutane su ka fita da tufafin da ke jikinsu kawai. A irin wannan hali masu tara gudummawa su kan yi yawa, na kirki da na banza. Hanyar da ta fi ita ce ta Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, watau NEMA, wadda aka kafa a 1999, ko takwararta ta jiha, ko Red Cross. Kada ka cika mota ka je sansani ka yi rabo da kanka. Turereniya za a yi, ƙarfafa su kwashe, tsofaffi da masu goyo su tashi hannu wofi.

Kafin ka kai, wanke kayan tas, ka shanya su a rana, ka goge, don kada a kai wa mutane ƙwarƙwata ko kuɗin cizo. Ɗinke abin da ya yage, sa maɓallin da ya cire, laluba aljihu. Abin da ya zama tsumma bar shi a gida a yi goge-goge da shi. Kayan sarki na soja ko na ɗan sanda ba a ba da su, gama suna iya faɗawa hannun miyagu. Ƙulla na yara daban, na mata daban, na maza daban, ka rubuta a jikin kowane ƙunshi. Rigunan sanyi da barguna kuwa a fitar da su tun watan Oktoba ko farkon Nuwamba, kafin hunturu ya sauka.