Hasken allo da barcin laftof bayan sabunta Linux

Tambaya: Tun da na sabunta Ubuntu maɓallan hasken allo suka daina aiki, kuma in na rufe laftof ɗina ba ya farkawa. Shin in goge komai in sake ɗorawa?

Amsa: Malam, kada ka goge. Sake ɗorawa zai mayar da kai kan sabon kanel ɗin, wato zuciyar Linux, da zarar ka sabunta. Fara da gwaji: sake kunna na'urar, ka zaɓi tsohon kanel a jerin GRUB, manhajar da ke tayar da Linux. In komai ya daidaita, allonka lafiya lau, matsalar ta manhaja ce. Kanel 6.1 na shekarar 2022 ya sauya yadda Linux ke zaɓen hanyar sarrafa haske, kuma wasu na'urori sun sha wuya. Ƙara acpi_backlight=native a layin kanel, in bai yi ba ka gwada vendor. Game da barci, duba fayil ɗin /sys/power/mem_sleep. In akwai deep a ciki amma s2idle aka zaɓa, gwada mem_sleep_default=deep a layin kanel. Sauyi ɗaya kawai a kowane gwaji, in ba haka ba ba za ka gane wanda ya yi magani ba.

Wani zai ce a zauna kan tsohon kanel tunda yana aiki. Na ɗan lokaci ba laifi, amma gyare-gyaren tsaro za su wuce ka. Masu ba da shawarar nomodeset kuwa, hoton zai fito, sai dai sun kashe direban hoto na kanel, wanda sau da yawa haske da farkawa suka dogara a kansa.