Yadda Ake Gano Inda Ruwan Lagireto Ke Sulalewa a Motar Gudu

Yoyon da ke tsiyayar da ruwa a ƙasa ba ya ba kowa wahala, ido ma ya isa. Mai cin rai shi ne wanda ke shan kofi ɗaya a mako biyu, ka leƙa ƙarƙashin mota ka tarar da ƙasa a bushe ƙayau. Da yawa sai su riƙa ƙara ruwa suna tafiya, har ranar da allurar zafi za ta haye ja a tsakiyar hanya. Ruwa ba ya tsami banza. Hanyar ruwan inji a rufe take, idan ya ragu to ɗayan wurare huɗu ya bi: waje, cikin ɗakin mota, cikin baƙin mai, ko salansa. Aikinka ka bi su ɗaya bayan ɗaya, daga mai arha zuwa mai tsada.

Motar gudu ta fi sauran motoci iya ɓoye yoyo. Ɗauki Porsche Boxster, wadda ta fara fitowa a 1996: injin yana bayan kujeru, lagireto biyu suna can gaba cikin bamba, dogayen bututu suna bi ta ƙarƙashin mota, tankin ruwa kuma yana but ɗin baya. Tana ɗaukar sama da lita 15, alhali ƙaramar motar gida ba ta cika wuce 6 ko 7 ba. Ga shi an rufe ƙasanta da faifan roba mai tare ɗigo, zafin inji ya busar da shi kafin ya taɓa ƙasa.

Mataki na 1: Bari inji ya huce

An ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani, amma a nan shi ne rabonka. Inji mai aiki yana kai ruwa digiri 90 zuwa 105, kuma matsin da murfi ke riƙewa ne ke hana shi tafasa. Ka buɗe da zafi, ya taso maka a fuska. Bari mota ta kwana. Ka kuma nisanta hannu da fanka, don ta lantarki tana iya tashi ko an kashe mota.

Mataki na 2: Auna abin da ke ɓacewa

Da safe, a wuri mai lebur, cika tanki zuwa layinsa, ka manna salatif daidai bakin ruwan, ka rubuta kilomita. Duba bayan kwana uku, a wuri ɗaya, inji a sanyaye. Ruwa yana hawa da zafi ya sauka da sanyi, wanda ya auna yau da zafi gobe da sanyi zai ga yoyon da babu shi.

Mataki na 3: Sa hanci da ido

Bayan tafiya, kashe mota ka zagaya ta. Ruwan lagireto yana da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi kamar an ƙona sukari. Shimfiɗa kwali a ƙasa ta kwana a kai. Ɗigo mai launi, kore ko ruwan hoda ko shuɗi, mai santsi a yatsa, shi ne. Wanda yake garau ba wari, ruwan na'urar sanyaya ɗaki ne, ƙyale shi.

Sannan cire faifan ƙasa, ɗauki tocila. Ba jiƙa kake nema ba, sawu kake nema: ɓawon fari ko mai launi kamar kanwa, inda ruwa ya bushe ya bar gishirinsa. Duba bakin kowane tiyo da maɗaurinsa, da gidan tamostat, da inda robar lagireto ta haɗu da alminiyo. Famfon ruwa yana da ɗan rami a ƙasansa, idan ka ga sawu ya gangaro daga nan, sil ɗinsa ya fara mutuwa. Bi sawu sama har inda ya fara, domin inda ruwa ya ɗiga ba lallai nan ya fito ba. Iska tana kora shi baya.

Kowace mota da lagonta. A Boxster ta farko, ɗaga kafet ɗin but na baya, tankin roba yana tsagewa ya jiƙa ƙasansa. Haska ramukan bamba kuma, ganye da ƙasa suna taruwa a kusurwar lagireto su riƙe danshi har ƙarfe ya ci. A Mazda MX-5, robar saman lagireto baƙa ce, idan ta koma ruwan ƙasa ta tsufa, saura tsagewa.

Mataki na 4: Gwada murfi da matsi

Murfi shi ne abu mafi arha, shi ne kuma aka fi mantawa. Idan robarsa ta taurare, ruwa yana fita a matsayin tururi ba tare da ɗigo ko ɗaya ba. Akwai famfon hannu mai agogo da kanikawa ke amfani da shi. Fara gwada murfin, sannan ɗaura famfon a mazaunin murfin, inji a sanyaye, ka buga iska zuwa lambar da ke jikin murfin: 0.9 ko 1.1 a yawancin motocin Japan, wasu BMW har 2.0. Kada ka wuce, za ka fasa abin da bai fashe ba. Jira minti 20. Idan allura ta sauka, koma da tocila, yanzu ɗigon zai fito fili tunda babu zafin da zai busar da shi.

Idan allura ba ta motsa ba amma ruwa yana raguwa, wataƙila yoyon na lokacin zafi ne kawai. Zuba rinin da ke ƙyalli a ƙarƙashin fitilar UV, yi tuƙi kwana biyu, ka haska da dare. Sawun zai bayyana ɓaro-ɓaro.

Mataki na 5: Shiga ɗakin mota

Taɓa kafet ƙarƙashin dashbod. Danshi mai santsi, ko gilashin gaba yana yin hazo mai maiƙo in an kunna hita, alama ce ƙaramin lagireton hita ya huje.

Mataki na 6: Tuhumi cikin inji

Sai an wanke sauran sannan a zo nan. Zaro sandar awon mai: idan man ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga, ko ta gasket ɗin kan inji ko ta na'urar sanyaya mai. Farin hayaƙi mai ƙamshin zaƙi da ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi, kumfa a tanki, inji mai rawa da safe na 'yan daƙiƙu, fulogi ɗaya fes kamar an wanke shi alhali sauran da baƙi, duk shaida ce. Hukunci kuwa na wani ruwan gwaji ne mai launin shuɗi: a ɗora kwalbarsa a mazaunin murfi inji yana aiki, idan ya koma rawaya, hayaƙin silinda yana shiga ruwa. Daga nan a daina tuƙa motar.

Bayan gyara

Kada ka zuba garin toshe yoyo, yana toshe hita da ƙananan hanyoyi tare da ramin. Zuba irin ruwan da littafin motar ya ce, rabi da rabi da tataccen ruwa, ba na rijiya ko burtsatse ba, masu barin gishiri a bututu. Fitar da iska sosai, musamman a mota mai dogon bututu, domin iskar da ta maƙale tana sa ruwa ya sauka daga baya ka zaci yoyo ne. Wanda ya zube a goge shi nan take: yana da zaƙi, kuma guba ne ga yara da dabbobi.

Sai ka sake manna salatif ɗinka. Idan mako biyu suka wuce ruwa yana daidai bakinsa, ka kama ɓarawon.