Zuwa Dutse Don Ganin Duwatsu

Mutumin Aujara ya tashi ne a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Gonar gero, gonar riɗi, rairayi, fadama, sai kuka da gawo jefi-jefi. Abin da ya fi komai tsawo a gari shi ne hasumiyar masallaci da ƙarfen sabis na waya. Amma da zarar mota ta doshi Dutse, sai ido ya ci karo da wani abu daban: manya-manyan duwatsu, wani a kan wani, wasu ma har ka ce iska mai ƙarfi za ta mirgino da su.

Yawancinmu ba ma zuwa Dutse sai da dalili. Ko kai mara lafiya asibiti, ko bin takarda a sakatariya, ko rakiyar maniyyaci filin jirgi. Muna gamawa sai neman motar gida. Alhali akwai masu tasowa daga Kano, daga Abuja, har daga ƙasashen waje, su kashe kuɗin mota da na masauki don kawai su ga abin da muke wucewa ba mu ɗaga kai ba. Wannan shi ake kira yawon buɗe ido, kuma ba na masu kuɗi ba ne kaɗai.

Dutse garinmu ne ta kowace fuska. Aujara tana cikin ƙaramar hukumar Jahun, Jahun kuwa ɗaya ce daga ƙananan hukumomi 7 na masarautar Dutse. Ranar 27 ga Agusta, 1991 aka cire Jigawa daga jihar Kano, Dutse ta zama babban birni. Amma garin ya girmi wannan rana nesa ba kusa ba. Tarihin baka ya ce wani maharbi mai suna Duna Magu ne ya fara zama a wurin, saboda yawan namun dawa, musamman gada. Mutanen da suna son zama a gindin dutse don dalili biyu: wanda ya hau sama yana hango ƙurar mahara tun daga nesa, kuma mahayin doki ba ya iya bin mutum cikin duwatsu. Shi ya sa tsohon gari, wato Garu, yake maƙale a tsakaninsu. Can fadar Sarki take, bangonta cike da zane mai launi iri-iri. Wanda zai je kallonta ya fara neman izini a ƙofa, kada ya zaro waya ya hau ɗaukar hoto kai tsaye.

Me ya sa duwatsun suka hau kan juna haka? Ba wanda ya ɗora su. Asalinsu dunƙule guda ne mai tsage-tsage. Ruwan sama yana bin tsagar, yana cin gefe da gefe a hankali. Da rana dutse ya yi zafi ya buɗa, da dare ya huce ya tsuke, kamar tukunyar ƙasa da aka sauke daga wuta aka kwara mata ruwan sanyi. Shekaru dubbai ana haka, sai ɓawon ya riƙa ɓamɓarewa, kusurwa ta goge, abin da ya rage ya zama mulmulalle a kan ɗan'uwansa.

Hawan dutse yana da lokaci. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, dutsen kuma ya ɗauki zafin ya riƙe, har tafin hannu ba ya iya dafa shi da tsakar rana. Da damina yana santsi, kuma in hadari ya taso, wanda ke sama shi ne mafi kusa da tsawa. Da hunturu hawan yana da daɗi, sai dai hazo yakan rufe gari, ka sha wahala ka kai ƙololuwa ba ka ga komai ba. A ganina watan Nuwamba ya fi: ruwa ya ɗauke, hazo bai yi kauri ba, ana hango gonaki da rufin kwano har iyakar ganin ido. A fita bayan sallar asuba, a sauko kafin hantsi ya yi zafi.

Kada mutum ya hau shi kaɗai. A riƙe ruwan sha, a sa takalmin da ke kama ƙafa. Silifas yana zamewa, babbar riga kuma tana harɗe mutum. Saukowa ta fi hawa haɗari, domin a lokacin gwiwa ta gaji, jiki kuma yana rinjaya gaba. Inda gangara ta yi tsanani, a zauna a sauko da ja da gindi, ba abin kunya ba ne. Kada a zura hannu cikin rami ko tsaga, nan ne makwancin maciji da kunama, wani lokaci har da zuma. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire masa zobe ko agogo, a hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take.

Wanda ƙafarsa ba ta iya hawa ma yana da abin gani. Dutse garin dabino ne, har akwai tashar binciken dabino ta gwamnatin tarayya a can. Manomi zai ƙaru in ya tsaya ya tambaya, domin dabino yana da namiji da mace, namijin ba ya 'ya'ya, kuma masu lambu da hannu suke ɗaukar furensa su kai wa macen. Akwai kuma filin wasan golf da marigayi Sarki Nuhu Muhammad Sanusi ya kafa ya cika da itatuwa. Shi ne ya yi sarauta daga 1995 zuwa 2023. Mai son dawaki kuwa ya jira hawan Sallah.

In da hali, a ƙarasa Birnin Kudu, don abin da ke can ya fi ban mamaki. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa, ƙarƙashin inuwar dutse, akwai zanen shanu da mutanen zamanin da suka yi. Duba su da kyau: ba su da tozo. Shanunmu na yau, bunaji da rahaji, duk masu tozo ne. Ke nan masu zanen sun yi kiwon wani iri daban, tun kafin irin namu su cika ƙasar. A nan ne kuma, a 1955, wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya lura da duwatsun da in an buga su da ƙaramin dutse suke amo kamar ƙarfe. Jikinsu duk ya lotsa saboda yawan bugu. Wuraren suna cikin kayan tarihin da dokar ƙasa ta kare. Abin takaici, wasu baƙi sukan ɗauki gawayi ko fenti su rubuta sunansu a jikin dutse, wasu su shafa zanen da hannu, wasu su watsa masa ruwa wai don ya fito a hoto. Duk waɗannan suna kashe shi, kuma babu mai iya mayar da shi.

Tafiya irin wannan ta fi sauƙi a ƙungiyance, musamman ga ɗalibai. 'Yan aji su yi karo-karo su ɗauki shatar mota guda, kowa ya ƙullo guzurinsa. Da an isa, a fara da gaida mai unguwa: "Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Aujara, mun zo ganin dutse." Shi zai haɗa ku da wanda ya san hanya, kuma ya kamata a ba ɗan jagoran nan na goro, don ya bar aikinsa ne ya bi ku. Mafi kyau ma a aika da wasiƙa tun mako guda kafin ranar. A rubuta ranar zuwa, da yawan mutane, da lambar wayar shugaban tafiya. Wanda ya fi kyan rubutu a aji ya rubuta, sauran kowa ya sa sunansa a ƙasa da hannunsa.